Rigar Baba da Na Sa wa Soja

Har yau ban sani ba, kuma mai faɗa mini ya kwanta dama: ranar nan a garin Agiye, haushi Sarjan ya haɗiye ko dariya? Shekara arba'in da ɗoriya muna tare, kunya ba ta bar ni na tambaye shi ba. Yanzu da bakina ya buɗe, tabarmarsa kawai ta rage a ɗaki. Ranar kuwa, ko sunana na manta ba zan taɓa mantawa da ita ba.

Sarjan mijina ne, Allah ya jiƙansa. Tsohon sojan Faransa ne da ya dawo ƙauyenmu kusa da Gazawa ya kama noma. Da rani, in hatsi ya shiga rumbu, sai ya ɗebo yumɓu a tafki ya riƙa gina abokan yaƙinsa, daga ƙirji zuwa kai, kowanne bai fi ƙaramin tulu ba. Hannunsa na da albarka, amma launi shi ne abin da yake mutuwa a kai. Jan hula daga karan dafi yake samun shi. Na riga kuwa, sai ya haɗa ƙasa da toka da rawaya da ƙaro, ya shafa a tsingaro, ya bar shi ya bushe, ya kara da tsohuwar rigarsa ta soja. In bai yi daidai ba, ya zubar ya sake. Yakan ce rigar da suka tafi da ita daban, wadda aka ba su can ƙasar sanyi inda suka yi yaƙi daban, wanda ya gauraya su ya yi wa matattu ƙarya. (Ni dai duka ruwan tafki nake gani.)

Shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, ina amarya. Tsofaffin sojoji suka shirya haɗuwa a Agiye, Sarjan kuwa ya yi alkawarin kai wa wata tsohuwa, Inna Kulu, fuskar ɗanta Na-Allah, amininsa da ya mutu a can ba a kawo gawarsa ba. Ko hotonsa ba ta da shi. Sati uku Sarjan yana kan aikin. Da ya gama ya rufe da ƙyalle, ya ce, "Amarya, gobe ki ɗauko shi a kwando, kar ya bugu." Ya fita gyaran sirdi.

Na ɗaga ƙyallen. Na ga saurayi kyakkyawa cikin riga kamar an ja ta a laka. Na ce a raina, kowa ya ɗinka sabo don biki, shi kaɗai za a kai wa uwarsa cikin dauɗa? Ai cewa za a yi gidan ba mace. Na ɗauko ruwan baba na rina rigar tas, na goge ta da ƙwayar wuri har ta yi ƙyalli, na ƙara masa kwalli. (Wallahi daɗi na ji. Har waƙa na yi.)

Washegari a gindin gawo, tsofaffin sojoji sun jeru da lambobinsu a ƙirji, Inna Kulu na zaune a tabarma, ni ina cikin mata ina jiran yabo. Sarjan ya yaye ƙyallen.

Kowa ya zura ido. Ashe rinin baban ya yi naso har haɓar Na-Allah.

Wani dattijo mai ido ɗaya ya leƙo ya ce, "Sarjan, wace runduna ce wannan? Ta fataken goro?"

Na kusa da shi ya ce, "Ashe Na-Allah zance ya tafi, mu ne muka yi yaƙin."

Dariya ta ɓarke. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Sarjan bai dube ni ba, gashin bakinsa kawai ke rawa.

Inna Kulu ta miƙa hannu aka ba ta. Ta daɗe tana shafa fuskar. "Hancinsa ne," ta ce. "Ga tabon da jaki ya yi masa. To wa ya ba shi riga? Har ya tafi bai mallaki mai baba ba."

Na matso da rarrafe. "Ni ce, Inna. Ki yafe mini."

Sarjan ya durƙusa. "Inna, ki ba ni kwana bakwai in mayar masa da tasa."

"Tasa? Ta Nasara dai, wadda ya mutu a ciki. Wannan ƴar ta sa masa ta gida. Bar mini shi haka."

Ta naɗe shi a zanenta, ba wanda ya ƙara dariya.

Muka dawo gida. Ya sake ɗebo yumɓu, ya sake sati uku, ya gina wani Na-Allah da launinsa daidai har maɓalli. Ga shi can kan taga, shi nake gaisarwa da safe yanzu. Ni kuwa na koyi abu guda: abin da ba ka san dalilinsa ba, tambaya ake yi kafin a yi masa kwalliya.

Bara da ciwo ya kwantar da shi, ina yi masa fifita ina kuka, ya buɗe ido ya daɗe yana kallona. Gashin bakin nan, fari fat, ya yi irin rawar da ya yi a Agiye.

"Amarya," ya ce, "likkafani fari ake barin shi. Kar ki gyara."