Ranar da Na Gudu Na Bar Jirgi a Sama

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba zan taɓa mantawa da ranar rabon kyaututtuka a makarantarmu ta Birnin Gwari ba, ranar da na tuƙa jirgin yaƙi. Kada ka yi saurin jinjina mini, jirgin bai fi tsawon dardumar salla ba.

Kawun matata ne sanadi, ko in ce bakina ne. Kawu Saje tsohon makanikin sojan sama ne da ya yi ritaya a Kaduna. Tun da ya ajiye aiki ba shi da abin yi sai ƙera ƙananan jirage masu tashi da rimot, samfurin jiragen yaƙin Turawa na da masu farfela a hanci, irin waɗanda daga baya aka mayar na tsere. Biyu ya fi ji da su, wani ja da wani ruwan toka. Mai ruwan tokan nan shekara guda cur ya yi yana sassaƙa shi da hannunsa, har da ɗan mutum-mutumin matuƙi a ciki (da gashin baki, sak irin nasa).

Da ya zo ganin dangi da jiragen, na roƙe shi ya nuna wa ɗalibanmu. Ya ce tsere sai da mutum biyu, wa zai riƙe ɗayan? Na bugi ƙirji na ce ga ni, malamin kimiyya guda. Alhali sau biyu kacal na taɓa riƙe rimot a Kaduna, shi ma yana tsaye a kaina. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce zai ba ni mai ruwan tokan don ya fi sauƙin sarrafawa, amma in je in sanar da 'yan sa-kai tukuna. Ya yi gaskiya. A garinmu abin da ya taso daga sama da ƙara ba wasa ba ne, ga kuma raɗe-raɗin cewa mutanen daji suna turo ƙananan na'urori masu tashi don leƙen asiri. Na ce to. Ban je ba. Raina ya ce mutum da digirinsa zai je neman izinin abin wasan yara?

Ranar ta zo, an kafa rumfa, iyaye sun cika. Ga shugaban makaranta, ga surukina a sahun gaba. An kakkafa gora uku a filin ƙwallo, su za a riƙa zagayawa. Kafin a fara na karɓi makirfo na yi wa yara jawabi mai tsawo, har ina cewa matuƙin jirgin yaƙi mutum ne da ko sama za ta faɗo ba ya ƙifta ido. Aka tafa mini, na ajiye makirfon a kan teburin kyaututtuka, na naɗe hannun babbar riga.

Jirage suka tashi suna ruri kamar injin niƙa. Zagaye na farko lafiya, na biyu ina gaba (yanzu na gane Kawu ne yake sassauta mini). Ina cikin jin daɗi sai ƙarar bindiga ta tashi daga bayan katanga.

Wallahi har yau ban san yadda aka yi ba. Na dai tsinci kaina a ƙarƙashin teburin kyaututtuka, babbar riga ta rufe mini kai, rimot kuwa na yi jifa da shi tun a hanya. Makirfon ya faɗo kusa da bakina, sai duk filin ya ji muryata a lasifika: "Innalillahi, na shiga uku! Sun shigo!"

Ba wanda ya gudu. Da yawan ɗalibaina iyayensu daga ƙauyukan Kuyello da Dogon Dawa suka gudo, kunnensu ya san bambancin bindigar toka da ta mutanen daji fiye da yadda na san darasina. Suna jin ƙarar suka gane ɗan sa-kai ne da tsohuwar bindigarsa. Ya hango abu yana shawagi a kan makarantar yara, ba wanda ya gaya masa komai, ya yi abin da aka ajiye shi dominsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bai ma sami jirgin ba. Lafiya lau yake tafe, matuƙinsa ne ya tsere. Na leƙo daga ƙarƙashin tebur daidai lokacin da ya karkata shi kaɗai, ya je ya yi karo da ƙarfen raga, fikafikansa suka watse.

Kawu ya sauke jan jirgin a natse, ya taka ya je ya durƙusa yana tsince guntaye yana zubawa a gaban rigarsa. Ɗan sa-kan ya shigo yana ba da haƙuri, yana tambayar me ya hana a sanar da su. Kawu ya ɗago ya kalle ni. Surukina kuwa ya cire hula yana duba cikinta kamar ya ajiye wani abu.

Na matsa na ce, "Kawu, ka yafe mini."

Ya ce, "Malam, na ga matuƙan da suka diro daga jirgi a sama. Wanda ya gudu yana tsaye a ƙasa, kai ne na farko."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Hutu biyu na yi ina zuwa Kaduna muna haɗa sabon fiffike, aikina goge katako da miƙo gam. Jirgin ya sake tashi, amma rimot ko da wasa bai sake miƙo mini ba, ni ma ban tambaya ba.

Abin da na koya shi ne, kafin baki ya karɓi amanar mutum, a fara shawara da ƙafafu. Nawa dai sun riga sun faɗi ra'ayinsu a gaban surukina.