Laifin Motata Ɗaya Ne, Ba Ta Hayaƙi

Jiya Alhamis a gindin wata bishiyar dogon yaro na wuni, bakin hanyar Maraɗi, ni da mahaifina da sabuwar motata. Sabuwa a wurina dai, don wani Bature ya riga ya more ƙuruciyarta. Ba mu take kowa ba, ba mu yi gudu ba. An tsare mu ne saboda ba mu yi hayaƙi ba.

Ga yadda aka yi. Layin esansi, wato man fetur, na nan Tasawa ya ishe ni, har na fara sanin sunayen jikokin mutanen da muke tsayawa tare. Sai na sayar da bijimaina biyu na sayi wata ƙaramar mota kat-kat okaziyon, wato ta hannu, irin wadda ake kira ibrid: rabi esansi take sha, rabi batir. Maƙwabcina Maman Sani, mai cajin waya a kasuwa, ya zagaya ta sau biyu ya ce, “Ibrid? Kamar irin masarar nan da ba a shuka shi sau biyu? Allah shi sa ta kai baɗi.”

Ni kuwa ba don kwalliya na saye ta ba. Baba yana Maijirgi, yanar ido ta rufe masa gani shekara uku ke nan, jikokinsa ma da murya yake gane su. An ce wasu likitocin ido baƙi sun sauka Maraɗi, ranar Alhamis da azahar za su rufe karɓar mutane. Tsohon ba ya iya zaman motar kasuwa. Abin da ya rage mini kawai takardar lafiyar mota.

Na tafi wani biro, ofishin hukuma, ba zan faɗi sunansa ba, ina da sauran takardu a can. Na iske Mai Girma Uban Tambari, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi. Ya fito da takarda da alƙalami ya ce in tada mota.

Na ce, “Ranka shi daɗe, ai a tashe take.”

Ya kara kunne. Ya zagaya baya, ya durƙusa da ƙyar, ya shinshina bututun. Na taka mai, injin ya ɗan yi gyaran murya ya sake yin shiru.

“Na Allah, shekara ashirin da biyu ina wanga aiki,” in ji shi, bayan ya duba sunana a takarda. “Ga takarda nan: launin hayaƙi, baƙi, hwari ko shuɗi. Wane gida zan cika? Babu gidan babu. Motar da ba ta hayaƙi, a wurinmu matatta ce.”

Na ce in ya yarda ya shigo in zagaya da shi gari. Ya ce shi ba ya shiga motar da ba ta da takarda. Ku ji basira, jama'a. Irin wannan kai, da a ce ana shuka shi, da tuni mun daina sayen hatsi.

Maman Sani ne ya fitar da ni. Ranar Laraba muka ɗauki gurup ɗinsa na caji, tsohon janareto mai tari kamar ɗan taba, muka kwantar da shi a bayan motar, muka rufa masa tabarma, muka zuro tiyo ta ƙasa. Daf da ƙofar biro Maman Sani ya ja igiyar gurup. Kaji suka watse. Mai shayi ya rufe tukunyarsa yana tsine mana.

Uban Tambari ya fito fuska a sake, yana share hawaye. “Yauwa! Yanzu munka ji mota! Ashe ɓoye mana lahiyarta kake yi.” Ya rubuta baƙi, ya ƙara da hannunsa: mai yawa. Ya buga tambari har tebur ya girgiza.

Na mayar wa Maman Sani gurup ɗinsa da godiya. Da safiyar Alhamis na ɗauko Baba, ya sa farar rigarsa ta Idi, yana ta lissafa mini mutanen da zai fara kallo.

Ba mu yi nisa ba muka iske wasu bayin Allah masu igiya da ganga a tsakiyar hanya. Babbansu, Mai Alfarma Sarkin Igiya, ya karɓi takarda, ya karanta a tsanake, ya zagaya baya, shi ma ya shinshina.

“Takarda ta ce baƙi, mai yawa. Ina shi?”

Na ce yau motar tana hutawa ne.

“To wagga ba ita ce motar takarda ba. Ka aje gefe.”

Na roƙe shi, na nuna masa idon tsoho, na ce azahar za a rufe. Ya tausaya ƙwarai, har ya sa aka kawo wa Baba benci. Na kira Maman Sani, ya ɗauro gurup a kan babur, kafin ya iso inuwa ta riga ta juya. Muka tada shi, Sarkin Igiya ya shaƙi hayaƙi ya gamsu, ya sauke igiya ya yi mana fatan sauka lafiya. Mun isa Maraɗi bayan la'asar, mun iske ana share wurin.

Gaskiya na yi kuka, ban ɓoye ba. A hanyar dawowa, da muka kusa gida, Baba ya juyo wajena. Ya laluba ya dafa gwiwata.

“Bar kuka, Na Allah. Su waɗancan biyun, idanunsu lahiya lau suke?”

Na ce, “Lahiya lau, Baba. Ɗaya ma har da tabarau.”

Ya gyaɗa kai. “To ashe ban yi babbar asara ba.”

An ce likitocin za su dawo baɗi. Idan Allah ya kai mu, zan roƙi a ba ni gurbi uku.