Kaza Mai Ƙafa Ɗaya

Tun asuba Kaka Buakham ta turara shinkafa mai danƙo, ta kafa tebur a ƙofar gidanta a Lampang. Yau ranar tunawa da mijinta ce, kuma gasasshiyar kazar da yake so za ta saka wa sufayen haikali masu zagayen karɓar sadaka da safe a ƙwarya da sunansa. Jikanta Thawin, wanda ya zo hutu daga Bangkok, shi ta aika kasuwa ya sayo kazar. Sai ga shi ya dawo, yana amsa gaisuwarta.

"...lafiya lau, amarya. Kai, garin nan naku! Haikalin bakin gada sai walƙiya yake, kasuwa kuwa ƙamshi har ya hana ni tafiya."

"Na ga alama, mijin banza. Kawo."

Ta buɗe ganyen ayaba, ta dubi kazar, ta dubi maiƙon leɓensa.

"Ina cinya ɗaya?"

"Haka aka ƙyanƙyashe ta. Mai gashin ma ya ce da sanda take tafiya."

"Laifina ne da na ba kura ajiyar nama. Bangkok ta mantar da kai ba a ba sufaye sauran wani?"

"Ɗanɗanawa na yi, kada a kai wa abokin takarata lami. Ko yana raye ai tare muke neman ki."

"Shi da kaza guda yake zuwa zance. Kai da gurguwa."

"Shi ya sa na ji ana cewa a hanya yake cinye fukafukan?"

"To, barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe?"

Sufayen sun karyo kwana a jere, babu takalmi. Murmushin Kaka ya ɗauke. Shinkafa gaya za ta aika wa mijinta ke nan? Sai hancinta ya kama wani ƙamshi.

"Mene ne a jakarka?"

"Sabulu."

"Sabulu mai tafarnuwa?"

"Tsohuwa, guzurina ne! Kaza ce, ita kaɗai ta rage wa mai gashin, sai da na yi kokawa da wata mata."

"Ƙafarta nawa?"

Thawin ya yi dariya, ya zaro ƙunshin, ko zarensa ba a kwance ba.

"Biyu. Ki gaya wa abokin takarata ya yi nasara, na bar masa ke."

"Cire takalminka, sakarai."

Ya cire, ya durƙusa, ya saka kazar a ƙwaryar babban sufin. Da suka wuce, Kaka ta zauna ta fizge cinyar da ta rage.

"Ka ga yanzu ta daidaita," in ji ta, ta kai baki.