Gaiwar da na ƙaryata

Kimiyya nake koyarwa a wata sakandare a Sabon Tasha, kuma a lokacin gani nake babu abin da ke cikin ruwa da ban sani ba, ni da ban taɓa riƙe fatsa ba. Na sa 'yan aji su yi rubutu kan halittun fadama. Wata ɗaliba, Rifkatu, ta rubuta cewa idan ruwa ya ƙafe, kifin nan gaiwa takan shige laka ta yi barci har damina.

Na zaro jan biro na rubuta: "Kifi a busasshiyar ƙasa? Nan aji ne, ba wurin tatsuniya ba." Har karanta wa aji na yi, aka yi dariya.

Ranar Litinin sai ga mahaifinta, masunci, har cikin aji da curin busasshiyar laka a roba. Ya ce, "Malam, a taimaka mana da ruwa." Da hannuna na zuba, ina murmushin masana. Kafin a tashi, lakar ta jiƙe, wata doguwar aba ta motsa, ta leƙo ta shaƙi iska.

Dattijon, Allah ya saka masa, ya dubi yaran ya ce, "Ai Malam ya sani, gwada ku yake yi." Rifkatu ba ta tona ni ba, takardarta kawai ta miƙo, na gyara makin.

Har yau in na yi gyangyaɗi a ofishin malamai, sai wani ya ce, "Ku ƙyale Malam Gaiwa, sai damina zai farka."