Wayar Tana Bakina, Makullin Yana Ingila

Kurmin Mashi, Kaduna
12 ga Satumba, 1955

Zuwa ga Mai Girma, Mai Daraja, Shugaban Ofishin Lura da Bakunan Ma'aikata, wanda ba a buɗe baki a garin nan sai da sa hannunsa. Allah ya ja zamaninka, ya bar maka haƙoranka talatin da biyu cif.

Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi, da tambayar lafiyarka da ta iyali, ina neman gafara da na zo maka a takarda, kuma a shafin jarida, a bainar jama'a. Na so in tako da ƙafata in durƙusa in yi bayani da baki, to, bakin ne ba ya hannuna. Yau mako goma sha huɗu ke nan yana hannun ofishinka. Buƙatata guda ce tak: a kwance wayar da aka ɗaure mini muƙamuƙi da ita kafin Alhamis mai zuwa, domin ranar ce mahaifiyata ta tsayar za ta bar gidana, tana zaton na gaji da ita.

Sunana Labaran, tafinta ne ni a ɗaya daga cikin ofisoshin gwamnati, wato mutumin da ke cin abinci da bakinsa ta fuska biyu. Ran Litinin, shida ga Yuni, gari ya waye da ruwa, na hau kekena zan tafi aiki. A gangaren nan da ake bi kafin a hau titi, jakin wani mai itace ya ga dama ya tsaya a gicciye. Na matse birki. Keke ya tsaya, ni ban tsaya ba. Haɓata ce ta fara isa bakin kwalbati, sauran jiki ya biyo ta. Haƙorin gaba guda ya yi nasa wuri, leɓe ya tsage, muƙamuƙi ya karye wuri biyu. Jakin ko kai bai ɗaga ba.

Maƙwabta suka ce a kira maɗori. Ni kuwa da yake na yi makarantar Midil, ina sa agogo, sai na nuna musu hanyar asibiti da yatsa. Kuma don Allah kada a ce ban yaba ba. Baturen likitan haƙori ya yi aiki mai kyau: ya wanke rauni, ya ɗinke leɓe, ya ɗauki hoton ƙashi, ya yi mini allurar kashe zafi, sannan ya saƙa waya ya haɗe haƙoran sama da na ƙasa ƙam, don ƙashi ya zauna wuri ɗaya ya kama. Giɓin da kwalbati ya yi mini shi aka bar mini a matsayin ƙofa, ta nan ake zura bututun roba in zuƙi koko. Likita ya ce mako shida a kwance. A mako na biyar lokacin hutunsa ya yi. Ya hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, ya hau na ruwa zuwa Ingila. Almakashin yanke wayar yana cikin kabad, makullin kabad kuwa yana aljihunsa.

Ranka ya daɗe, ga ƙorafina, cikin ladabi.

Na ɗaya. Na je wurin disfensa mai ba da magani a asibitin, ya duba, ya ce ƙashi ya kama sarai, sai dai shi ba shi da ikon taɓa wayar da ba shi ya ɗaura ba. Na je wurin babban likita, ya karɓe ni da fara'a, ya nuna mini cewa ikonsa ya fara daga tafin ƙafa ya tsaya a leɓe, abin da ke bayan leɓe na wani sashe ne. Aka ce kafinta na iya ɓalle kabad, amma sai da takardar izini, takardar kuwa mai riƙe da makullin kabad ne ke sa mata hannu. Ashe, ranka ya daɗe, duk faɗin Kaduna almakashi ɗaya ne ya san hanyar bakina?

Na biyu. Dokar ofishinka ta ce mai ƙorafi ya zo taga ya faɗi damuwarsa da bakinsa. Na zo sau huɗu. Na faɗa iyakar ƙarfina ta tsakanin haƙora, akawu ya karkato kunne, ya yi tunani, ya rubuta cewa mai ƙorafi ya zo amma bai ce komai ba. Na miƙa masa a rubuce, ya ce rubutu na waɗanda ke wajen gari ne. Ban ga laifinsa ba, yaro ne mai bin doka, Allah ya ƙara masa girma.

Na uku. Babbar Sallah ta same ni a haka. Da hannuna na yanka rago, da idona na ga an gasa hanta, da hancina na ji ana suya kwana uku. Matata Uwani, Allah ya yi mata albarka, ta tace mini romo da rariya ta zura mini ta giɓi. Wandunana duka yanzu sai da ƙarin ɗauri. Ina tambaya, shin akwai wani layi a littafin dokokinka da ya ce a rama wa mutum Sallar da ta wuce shi?

Na huɗu, wannan kam ban san ko ƙorafi ba ne ko godiya. Tun da na koma aiki, in Bature ya yi magana sai in gyaɗa kai, in masu ƙara suka yi tasu in sake gyaɗawa. Kowa ya tashi yana ganin an yarda da shi. Shekara goma sha ɗaya ina fassara tsakani da Allah ban taɓa samun takardar yabo ba, sai a watan jiya, aka rubuto cewa ba a taɓa ganin tafinta mai kawo zaman lafiya irina ba.

Na biyar, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Duk na baya zan iya haƙura da su har jirgin ruwan ya dawo, wannan ne ba zai jira ba.

Inna tana ɗakin da ke kusa da zaure tun rasuwar mahaifina. Idanunta sun tafi shekara bakwai da suka wuce, kunne ma sai an matso. Ni ɗan fari ne a wurinta, kuma ita mutuniyar da ce. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta yi mini magana kai tsaye, ba ta taɓa jikina tun ina ƙarami. In tana da saƙo, Uwani take faɗa wa ko da ina durƙushe a gabanta. Abin da ya haɗa mu guda ne: kullum da safe in durƙusa a bakin ƙofarta in gaishe ta, ita kuma ta ji muryata, ta amsa wa bango. Daga muryar nan take gane ko na ƙoshi, ko an ɓata mini rai a ofis, ko zazzaɓi na tafe.

To, yanzu fa? In na ce ina kwana, abin da ke fita gurnani ne. Ranka ya daɗe, ka san wanda ke magana da haƙora a cije: mai fushi ne, mai haɗiye abin da ke ransa. Haka Inna ke jin gaisuwata kowace safiya, wata uku cur.

Uwani ta yi mata bayani ya fi a ƙirga. Ta gaya mata jakin, ta gaya mata kwalbatin, duk ta yarda, har ta yi addu'a. Da aka zo kan likita da makulli sai ta ɗaga hannu. Ga abin da ta ce, yadda ta faɗe shi: "Ke Uwani, ki ji tsoron Allah. Wace hukuma ce za ta ƙulle wa mutum baki da ƙarfe ta sa makulli a aljihu ta tafi garinsu? Ko akuya aka ɗaure ai ana barin mai kwance ta. In ya gaji da ni ne, a faɗa mini, ba sai an yi wa gwamnati ƙage ba."

Ka ji irin shaidar da ofishinka ke da ita a gidana. Tsohuwar nan ta gwammace ta yarda ɗanta ya juya mata baya da ta yarda za ku iya abin da kuka yi. Uwani ta ce to ta kawo yatsa ta taɓa wayar ta ji. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ita ba ta lalace ba da za ta sa hannu a bakin ɗan fari. Ranar Juma'a ta aika wa ƙanenta Datti a Katabu ya zo da motar Alhamis ya ɗauke ta. Ta riga ta ɗaure kayanta, har da butarta. Ba na jin kunyar faɗa a jarida: raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro nake ji, don na san in ta fita da wannan zato a zuciyarta ba za ta dawo ba, ga shekaru sun ja.

Saboda haka ina roƙo, gwiwa biyu a ƙasa, a yi mini ɗayan biyu. Ko dai a ɓalle kabad, ko kuwa kai da kanka, in ayyuka sun bari, ka tako Kurmin Mashi, ka tsaya a bakin ƙofar Inna ka tabbatar mata cewa haka kuke aiki. Daga bakinka wataƙila ta yarda.

In Laraba ta yi babu ko ɗaya, ina sanar da kai cikin girmamawa cewa maƙerin unguwarmu yana da awartaki, kuma bai san akwai takardar izini a duniya ba. An gargaɗe ni cewa wayar kayan gwamnati ce. Ba zan ci amana ba, zan wanke ta, in miƙar da ita, in sa a ambulan in kawo taga. A ranar akawu zai ji bayani da baki, har sai ya roƙi a tsagaita.

Amma kafin in zo taga ina da wurin zuwa. Kowace safiya in na gama gaisuwa, Inna takan ɓare goro ta tura ɓari guda gefen tabarma, ba tare da ta ce na wane ne ba. Tun ina ɗan makaranta haka take yi. Da, nan take nake jefawa a baki, ta ji ƙarar tauna, ta ci gaba da jan carbinta. Yanzu ɗauka nake yi in fita shiru, ita kuma tana saurare. Ban yar da ko ɗaya ba. Suna cikin wani gwangwani, sun tasam ma casa'in, sun bushe ƙayau. Har yau da safe, da kayanta a ɗaure, sai da ta turo.

Likita ya ce in an kwance a fara da abu mai laushi. A ba shi haƙuri. Da goron Inna zan fara, a bakin ƙofarta, kuma kusa da kunnen da ya fi ji.

Naka mai biyayya, wanda ko ya so ya yi musu babu hali,

Labaran Mamman, Tafinta