Na Gyara wa Surukina Fitowar Rana

Ko da tsufa zai kwashe mini komai a kai, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe gidan surukina a Kamazou ba. Lokacin ma bai zama surukin nawa ba, nema nake yi, neman kuma yana tafiyar hawainiya.

Rifkatu ce yarinyar, nas ce a wani asibiti a Barnawa. Ita dai tana sona, Mamanta ma in na je takan zaɓo mini tsoka a miya. Matsalar Baba Yohanna ne, mahaifinta. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne, ba ya dariya sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma bai taɓa kiran sunana ba. "Yaron nan mai danne-dannen waya," haka yake cewa, ko ina zaune a gabansa.

To a wannan lokacin ne ciwon ɗaukar hoto ya kama ni. Na ɗan kalli bidiyoyi a intanet, shi ke nan na naɗa wa kaina rawanin gwaninta. (Kyamara ba ni da ita. Baki nake da shi.) Idan abokin aiki ya nuna mini hoton jaririnsa, kafin in ce Allah ya raya sai na gaya masa hasken ya yi yawa.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci na je gaishe su a gidan hayarsu, sai Baba ya yafito ni.

"Kai, mai waya, zo nan. An ce ka san hoto."

Na taso da sauri. Ya zaro wayar da babban ɗansa ya saya masa, ya lalubo wani hoto da ƙyar.

"Wannan ni na ɗauka da hannuna, bara, a Kamazou, da sassafe. Shi ne hotona na farko a duniya. Ina so a wanke shi babba, a sa masa firam, in rataya a falo ranar da za mu tare a sabon gida."

Na duba. Rana ce tana fitowa, ja kamar gwaiduwar ƙwai. Amma jama'a, sauran hoton! Komai a karkace, kamar daga cikin keke-napep mai gudu aka ɗauka. Ranar tana tsakiya dam kamar fitilar babur. A hagu ga wani gini ba filasta ba taga, ga tarin yashi, ga falwaya. A ƙasa ta dama kuma ga wani dunƙulen baƙin abu a zube.

"Baba, ku bar mini komai," na ce. "Zan ɗan gyara shi."

"Ka gyara," in ji shi.

Na koma gida na zauna wa hoton nan kamar likita a ɗakin tiyata. Masu bidiyo sun ce duk abin da ba ya ƙara wa hoto kyau a yanke shi. Na fara miƙar da shi. Na datse hagu, gini ya tafi, yashi ya bi shi, falwaya ta bi su. Na datse ƙasa, baƙin abu ya ɓace. Sun ce a raba hoto gida uku a ajiye rana a gefe, na tura ta gefe, na bar wani reshen mangwaro yana leƙowa ta sama kamar yana yi mata lema. Gaskiya ya yi kyau, har yau ban janye wannan maganar ba. Na kai Tudun Wada aka wanke shi da girman ƙofar firji, aka sa masa firam mai ruwan zinariya. Rifkatu ta ce in nuna mata, na ce a'a, bazata ce.

Ranar tarewa na isa Kamazou rungume da shi a cikin takardar ado. Ban taɓa taka wurin ba sai ran nan. Gida ne tsaf, an yi masa fenti ruwan madara, ga gilasai, ga labule. Falo ya cika: fasto, dattawan coci, 'yan zumuntar mata da anko, dangi daga ƙauye, tsofaffin abokan Baba na masaƙa. Aka yi addu'a, aka yi waƙa, sai Baba ya ce a kawo hoto.

Na yaye takarda kamar gwamna yana buɗe gada. Aka yi tafi. Baba ya sa tabarau, ya matso, ya duba sama, ya duba ƙasa. Har bayan firam ɗin ya leƙa.

"Ina sauran?"

Mai hankali a nan zai gane akwai magana. Ni kuwa sai na ga dama ta samu in nuna wa dangi irin surukin da Allah ya kawo musu. Na haɗa wayata da sabuwar talabijin ɗin falo, hoton asali ya fito ƙato a gaban kowa, na ari sandar wani dattijo na tsaya kamar malami a aji.

"Ku duba nan," na ce. "Baba ya yi ƙoƙari, amma ɗan koyo ne. Kun ga wannan kangon? Wani bawan Allah ne ya fara gini ƙarfinsa ya ƙare, ya bar wa ƙadangaru. Muninsa kawai ya isa ya kashe hoto. Sai na cire shi."

Fasto ya yi tari. Rifkatu daga bakin kicin tana ta yi mini alama da ludayi. (Na ɗauka jinjina take yi mini. Har murmushi na mayar mata.)

"Sai wannan," na nuna dunƙulen baƙin abun da sanda. "Buhun gawayi ne wani ya yar. Ku faɗa mini don Allah, me buhun gawayi yake yi a hoton fitowar rana?"

Wata tsohuwa daga cikin 'yan zumunta ta taso ta manna fuska a talabijin.

"Ɗana, jawo shi kusa."

Na sa yatsu na buɗa. Buhun ya girma. Buhun ya yi ɗankwali. Buhun ya yi tafin ƙafa biyu, da silifas a gefe. Zanen da ke jikin buhun kuma irin wanda mata fiye da rabin falon suke ɗaure da shi ne.

"Ni ce," in ji Mama, daga bayana, a hankali. "Washegarin ranar da aka gama rufin kwanon gidan nan ne. Na durƙusa ina gode wa Allah."

Ban san inda na ajiye sandar ba. Na dubi kangon da ke talabijin, na dubi tagar falon, sai ga falwayar nan a waje tsaye tana kallona. A cikin gidan ƙadangarun nake tsaye, da takalmina.

Baba ya cire tabarau ya goge shi a hankali.

"Tun ina saurayi nake tara bulon gidan nan," ya ce. "Matar nan kuma tare muka ci kwakwa kafin mu ga wannan rana. Yaro ya cire mini gida, ya cire mini mata, ya bar mini rana. Ranar da ko akuya tana da ita kyauta."

Wani abokinsa ne ya fara fashewa, sai falo ya ɗauka. Fasto ya kifa kai a kan Littafi Mai Tsarki, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Tsohuwar nan ta riƙo hannuna ta ce in na samu lokaci akwai hoton aurenta, tana so a cire mata mijin. Na zube a gaban Mama ina ba da haƙuri, ita kuwa dariya ta hana ta magana, sai dukan kafaɗata take yi. Baba ma ya dara, har na ga wushiryarsa, abin da Rifkatu ta ce ita kanta ta manta yana da ita.

Washegari na koma Tudun Wada aka wanke na asalin, a karkacensa, da yashinsa da komai. Shi ne a falon har gobe. Nawa mai kyan kuma Mama ta kai shi kicin ta toshe wata taga da iska ke shigowa.

An ba ni Rifkatu dai. Amma a wajen biki Baba ya ja mai hoto gefe, ya nuna ni da baki ya ce, "Kada ka bar ango ya taɓa ko ɗaya." In Mama ta kira ni a waya kuwa, har yau da "Ɗana, buhun gawayi ce ke gaisuwa" take farawa.

Yanzu in mutum ya miƙo mini hoto ya ce in gyara, ko kaza na gani a gefe sai na tambaya ko 'yar uwarsu ce kafin in sa mata almakashi.