Gaisuwar Malam Kalkuleta

Duk Kaura Namoda babu mai kai irin na Malam Hayatu Kalkuleta. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma ya fi kowa sanin kansa.

Da 'yan bindiga suka sa aka rufe makarantun ƙauye, sauran malamai zaman jimami suka yi. Kalkuleta kuwa sai ya buɗe Babbar Cibiyar Warware Lissafi Daga Nesa. Cibiyar dai wayarsa ce da inuwar darbejiyar ƙofar gidansa. Kullum yakan ɗauki darasi da muryarsa, ya tura wa iyaye a waya, su kunna wa 'yan aji ɗaya. Ba ya farawa sai ya zuba babbar riga ya fesa turare.

Ga shi da ladabi. Ba zai taɓa ce wa yaro ya haɗa awaki biyu da uku ba tare da ya gaida manya ba.

"Da farko, muna miƙa gaisuwa ta musamman ga mai girma shugaban ƙaramar hukuma, da mataimakinai, da sakatarenai..."

Daga nan sai hakimai, dagatai da limamai, tun daga Kaura har Shinkafi, ya biyo ta Zurmi, kowa da kirarinsa. Sannan tarihin kwasa-kwasan da ya halarta. Can ƙarshe awakin su samu shiga.

Ana nan sai aka ce za a naɗa mai kula da karatun nesa na shiyya. Kalkuleta ya ƙwallafa rai, har ya sayi hular hawa kujera. Shaida kawai ta rage. Don haka ya ɗauki Alhaji Abdulbasit, jami'in da zai yi zaɓen, zuwa Dauran, inda mata ke aiko masa da godiya kullum.

Aka tara iyaye a ƙofar mai gari. Maimunatu, shugabar mata, ta russuna ta ce, "Ranka shi daɗe, Allah shi saka ma Malam da alheri."

Kalkuleta ya gyara zaman hula.

"Tun da anka yi harbi bayan gari, ɗiyanmu ba su iya barci, sai hirgita. Abin ya ishe mu. Amma da mun kunna muryatai, kahin shi kai ga hakiman Shinkahi duk sun mimmiƙe, barci ya kwashe su."

Alhaji Abdulbasit ya yi gyaran murya ya ce, "Madalla. To lissafin hwa, suna ganewa?"

Maimunatu ta dubi sauran mata, ta dubi Malam.

"Au, ashe da lissahi a ciki?"